Sarewar Kawu a Sifika Ɗaya

Tun da gari ya waye Zubaida ta kasa zama wuri ɗaya. Ta yafa mayafi ta cire, ta leƙa jaka ta ga kwamfutarta na ciki, ta zuge, ta yi taku biyu ta dawo ta sake leƙawa. Mahaifiyarta Shatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta bi ta da ido har ta gaji.

"Ba ke kika rera waƙar nan ba, amma kin fi mai ita rawar jiki."

"Inna, ai hannuna ne na ƙarshe a kanta. In ta yi daɗi a ce Yaya ya iya, in ta ɓaci a tambayi wanda ya taɓa ta."

Yayanta Musaddiƙ shi ne mawaƙin, kuma yau ne za a saki waƙarsa a kasuwar Gwiwa. Aikin Zubaida shi ne wanda 'yan situdiyo ke kira mastarin. Bayan an ɗauki murya da kiɗa an haɗa su, akwai gyaran ƙarshe da waƙa ke bi kafin ta shiga duniya. A saurare ta da kunnen da bai gaji da ita ba, a rage inda ta yi tsini tana sukar kunne, a cike inda ta rame, a daidaita ƙarfinta yadda mai saurare ba zai riƙa ƙarawa yana ragewa ba. In an yi shi da kyau, ba wanda zai san an yi. Sai dai mutum ya ji waƙar ta zauna masa.

A Kano ta koya, lokacin tana jami'a, a wani situdiyo inda ta daɗe tana zama a kujerar baya tana kallon hannun masu aiki ba ta cewa komai. Da ta dawo Kazaure ta kwashe tarkacen ɗakin ajiyar gidansu, ta manna tsofaffin katifu da barguna a bango, ta kafa sifiku biyu a kan teburin ɗinkin Inna. Tallan shaguna take gyarawa, da waƙoƙin biki, da na ɗaliban islamiyya ranar sauka. Wannan ce waƙa ta farko da za ta fita da sunanta a jiki.

Amma ba sunan ne ya hana ta zama ba. Sarewar Kawu ce.

Kawu Sama'ilu wan Inna ne, makiyayi, rugarsu tana bayan Gwiwa. Tun suna yara, in sun je hutu, da busarsa suke sanin shanu sun kusa gida. A kan wannan busar Musaddiƙ ya gina amshin waƙarsa, ya kuma dage sai Kawu da kansa ya busa. Kawu ya ƙi. Aka je aka dawo, Inna ta sa baki, ya dai ƙi.

"Busar daji ce," in ji shi, yana dariya. "Za ku ɗauka don ku faranta mini. In kun koma gari kun ji ta yi muku ƙauyanci, ku goge abinku. Gara ta zauna inda aka san ta."

Kowa ya yi dariya tare da shi, ban da Zubaida. Ita ta lura da babban yatsansa yana shafa hudojin sarewar a hankali, yana komawa farko yana sake shafawa. Ba ta saba magana a gaban manya ba, sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Kawu, ba abin da zai fita sai ya bi ta hannuna. Na yi muku alkawari za ku ji ta da kunnenku."

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya gyara zama a gindin tsamiya, ya lashi leɓe, ya busa, aka ɗauka.

Don haka babu abin da ta kashe wa lokaci a waƙar kamar sarewar nan. Wanda ya haɗa wa Musaddiƙ sauti ya turo mata komai daban-daban, murya daban, kalangu daban, sarewa daban, ta zauna tana lallaɓa su. Ta gama, ta gwada a sifikunta, ta gwada a waya, ta gwada a rediyon Inna na kicin, ko'ina ta fito lafiya. Sai jiya da la'asar wata dabara ta faɗo mata, wadda ta taɓa gani a Kano. Ta kwafi sarewar ta zama biyu, ta aika ɗaya dama, ta juya ɗayar ta kife ta ta aika hagu. Da ta sa abin kunne sai da tsigar jikinta ta tashi. Busar ta bar gabanta ta zagaye kanta, kamar tana tsaye a tsakiyar makiyaya, sautin yana dawo mata daga duwatsu. Ta kira Musaddiƙ ta sa masa. Bai kai ƙarshe ba ya daka tsalle, kansa ya ture bargon da ke rufe da taga.

"Shi ke nan, Injiniya. Kada ki ƙara taɓa ta. Wallahi in kika taɓa sai mun ɓata."

Ba ta ƙara taɓawa ba. Ba ta kuma ƙara gwadawa a ko'ina ba.

A tasha suka sami bas ɗin Halliru, abokin Musaddiƙ tun firamare, saura mutum biyu ta cika. Ranar kasuwa ce, mota ta sha kaya: buhunan gero a but, daurin rake a sama, wata tsohuwa da kwandon kaji a cinya. Zubaida ta samu gefen taga ta rungume jakarta. Damina ta yi kyau bana, dawa ta fi mutum tsawo a bakin hanya, duwatsun da ke bayan gari sun yi kore har wuya.

Ba su yi nisa ba Musaddiƙ ya fara motsi a kujera.

"Halliru, kana da abin kiɗa?"

"Rediyon motar ta rasu tun bara, Allah ya ji ƙanta. Ga magajiyarta nan." Ya nuna wata 'yar empi, ƙaramar sifika mai kamar gwangwanin madara, tana lilo a jikin madubi.

"Yaya, ka bari mu isa mana," in ji Zubaida.

"Ɗanɗano kawai. Jama'a, ku ne na farko a duniya da za ku ji wannan. In an tambaye ku nan gaba ku ce a motar Halliru ne, kusa da kaji."

Kalangu ya shigo tsaf, kowane bugu da gefensa. Muryar Musaddiƙ ta hau kai, ba ta yi tsini ba, ba ta nutse ba. Halliru ya fara dukan sitiyari da yatsu. Wani ɗan kasuwa a baya ya ce, "Kai, wannan a Kano aka yi ta ko?" Musaddiƙ ya juya ya nuna ƙanwarsa da hannu biyu, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, murmushi ya ƙi ɓoyuwa. Zuciyarta na bugawa tare da kalangun. Ga wurin nan tafe, inda murya za ta ja baya Kawu ya shigo shi kaɗai.

Murya ta ja baya. Kalangu ya ci gaba. Babu abin da ya shigo.

Can ƙasa akwai wani ɗan huci kamar iska ta bi ta ƙofar da ba a rufe sosai ba, shi ke nan. Kalangu ya yi ta tafiya shi kaɗai a fili.

"Mawaƙin ya tafi shan ruwa ne?" in ji tsohuwa mai kaji.

Mota ta kwashe da dariya. Musaddiƙ ya yi tare da su, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. "Halliru, wannan gwangwanin naka ne. Ka saya mai kyau mana."

"Gwangwanina bai taɓa cin hakkin kowa ba. Abin da aka ba shi yake fitarwa."

Zubaida ta riga ta zaro abin kunne ta soka a wayarta. Ta kai waƙar daidai wurin. Ga sarewa nan, faɗi guda, tana zagaye kai. Ta cire ta saurari empi, wadda Halliru ya mayar baya don a sake ji. Babu. Ta sa, akwai. Ta cire, babu. Sai ta gane, kuma abin da ta gane tun ajin farko na jami'a ta san shi.

Ta matso kusa da kunnen yayanta. "Yaya, ba sifikarsa ba ce. Ni ce."

"Kamar yaya ke ce?"

"Abin da na yi jiya. Ka ga in mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suka kama igiya, wannan ya ja gabas wancan ya ja yamma, igiyar ba ta motsi. Sarewa biyu na yi, ɗaya kishiyar ɗaya. In kowace ta sami sifikarta, kunne yana jin su duka. In aka tura su ta baki ɗaya, sai su cinye juna."

Musaddiƙ ya bi empi da kallo tana lilo.

"Da me za a sa ta a kasuwa?" ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Da lasifikar Sheriff."

"Baki nawa gare ta?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Sheriff mai shagon caji ne a kasuwar Gwiwa, shi ke tura wa mutane waƙoƙi a memori, kuma lasifikarsa guda ce, ɗaure a kan sanda. Wayoyin da ake kawo masa ma kusan duk masu baki ɗaya ne. Daga shagonsa waƙa ke bin 'yan kasuwa zuwa Roni da Babura har ta tsallaka iyaka, daga wannan waya zuwa waccan, kuma abin da ya fita ya fita, ba mai kiran sa ya dawo.

Zubaida ba duniya take tunani ba. Mutum ɗaya take gani, zaune a gaban jama'a, an zo wurin busarsa an tarar da fili. Ta san Kawu. Ba zai yi faɗa ba, ba zai tambaya ba. Fulako ba zai bar shi ya nuna ko a fuska ba. Zai ce waƙa ta yi kyau, Allah ya yi albarka, ya ɗauki sandarsa. Daga ranar kuma ba wanda zai ƙara jin sarewar nan a gidansu, kuma duk bayanin igiya da gabas da yamma ba zai shiga kunnensa ba, tun da abin da ya ce za a yi shi aka yi.

"Ba komai," ta ce, tana ƙoƙarin daidaita murya. "Kwamfuta na nan, komai na ciki. Ba wanda ke da waƙar sai mu. In mun isa zan gyara kafin mu ba shi."

Musaddiƙ ya sosa ƙeya.

"Yaya."

"Na tura masa da safe. Don ya shirya ne kawai."

Ya hau kiran Sheriff. Tsakanin duwatsu sabis ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, kira ya shiga ya yanke, ya shiga ya yanke. Yanzu duk motar ta san abin da ake ciki, har tsohuwa mai kaji tana cewa a ɗaga wayar sama ta taga. Halliru ya taka mota, kaji suka yi ta ƙorafi. Da suka hau wani tudu kiran ya kama, muryar Sheriff ta fito cikin hayaniyar kasuwa.

"Angon waƙa, kuna ina? Kawunku ya iso tun ɗazu da mutanensa. Yanzu nake cewa bari in ɗan sa musu su ji kafin ku zo."

"Kada ka sa. Sheriff, don girman Allah kada ka sa. Ka ce sai bayan azahar."

"Lafiya?"

"Ka dai ce sai an yi sallah."

Kasuwa ta cika ta batse lokacin da suka sauka. Suka kutsa ta layin masu hatsi, suka bi ta bayan masu tireda, Zubaida na gaba, abin da bai taɓa faruwa ba. Tun daga nesa ta hango Kawu a kan benci gaban shagon Sheriff. Ya sa riga mai ruwan bula wadda guga bai bar jikinta ba, da sabuwar malafa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Dattawan rugarsu sun cika bencin har wasu sun zauna a kan buhu.

Suka durƙusa suka gaishe shi, suka bi sauran dattawan ɗaya bayan ɗaya. Aka tambayi Inna, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa.

"Kanwa na zo saya wa dabbobi," in ji Kawu, yana kallon wani wuri. "Na ga inuwa a nan na ce bari in huta. Waɗannan kuma biyo ni suka yi, ban san me suke nema ba."

"Tun shekaranjiya yake bin mu gida-gida," in ji na kusa da shi, wani dattijo mai suna Muhammadu Lawal, abokinsa tun na ƙuruciya. "Wai a zo a raka shi sayen kanwa."

Zubaida ta nemi izini ta zagaya bayan shago. Wuri ne matsattse, tsakanin bangon kwano da batiran sola, wayoyi jere a kan katako kowace da wutsiyarta a soket. Sheriff ya ture wani kwali ya ba ta kujera, ya miƙo mata tasa empin. Ta buɗe kwamfuta a cinya, ta rage sauti yadda ba zai tsallaka kwano ba.

Cire dabarar bai ɗauki komai ba. Ta goge kifaffiyar sarewar, ta dawo da ta asali tsakiya. Ta kunna. Busar Kawu ta fito daga ɗan gwangwanin nan tsaye, siririya, da ɗan kaushin kara a bakinta. Musaddiƙ, da ke tsugune kusa da ita, ya saki numfashi ya ɗaga hannu sama.

"Tsaya tukuna," in ji ta.

Amshi ya zo, inda murya da sarewa ke tafiya tare. A da sarewar tana gefe, muryar tana tsakiya, kowa da hanyarsa. Yanzu sun haɗu a ƙofa ɗaya suna turereniya. Kalmomin Musaddiƙ suka dagule, busar ta shaƙe, kuma da kalangu ya buga da ƙarfi sai sautin ya yi wani ƙaras kamar an taka busasshen ganye.

"Mene ne wannan kuma?"

"Na cika ta da yawa. Na tura ƙarfinta har bakin ƙofa don ta kai na Kano, babu sauran wuri. Yanzu sarewa ta shigo, dole wani ya matsa." Ta dube shi. "Hanya biyu ce. Ko in danne sarewar a amshi ta koma can baya, a ji ta kamar daga wani gari. Ko in rage ƙarfin waƙar duka kaɗan, in kuma rage ka a amshi, ku tsaya kafaɗa da kafaɗa."

"Ki rage ni. A waƙata."

"A amshi kawai."

"Amshi shi ne waƙar, Zubaida. Shi mutane ke riƙewa. Kuma in kin rage ƙarfi, aka sa ta bayan waƙar wani a memori, sai a ji tawa kamar ba ta ci abinci ba."

"Wanda ya ji ta yi ƙasa zai ƙara da yatsansa. Wadda aka matse har ta fashe, babu madannin da ke gyara ta. Bari ka ji."

Ta yi na farko ta sa masa. Muryarsa ta cika gwangwanin, ƙato, sarewar tana bin sa a baya kamar mai riƙe masa jaka. Ta yi na biyu. Waƙar ta ɗan ja baya, amma kalangu ya sami wurin numfashi, kowane bugu ya dawo da gefensa, kuma a amshi sai ka ce mutum biyu ne ke hira, wannan ya faɗa wancan ya amsa.

"Sake sa na farko," in ji shi. Ta sa. "Sake na biyu."

Ladan ya kira sallah daga masallacin kasuwa. Musaddiƙ ya miƙe, ya tsaya a jikin kwano inda ƙusa ta bar 'yar huda, ya leƙa. Zubaida ba ta ga abin da yake gani ba, amma ta san mene ne, domin ta lura da shi tun suna gaisuwa: Kawu yana hira da mutanensa, idonsa kuma yana zamewa zuwa kan lasifikar da ke bisa sanda, ya dawo da shi da sauri kamar an kama shi.

Musaddiƙ ya daɗe a wurin. Sannan ya juyo yana naɗe hannun riga don alwala.

"Rage ni," ya ce. "Amma kada ki mayar da ni ɗan amshi gaba ɗaya, ina da masoya."

Maza suka tafi masallaci, kasuwa ta ɗan lafa. Zubaida ta zauna da aikinta, wani daɗi ma take ji irin na wanda ya san hanya. Ta ɗan rage muryar a daidai inda sarewa ke hawa, ta mayar da ita inda sarewa ke sauka. Ta sassauta matsin da ta yi wa waƙar. A farkon busar akwai jan numfashin Kawu, wanda jiya faɗin sauti ya rufe, yanzu ya fito fili. Ta kai hannu za ta yanke, ta saurara sau biyu, ta bar shi. Ta fitar da waƙar, ta ji ta a abin kunne, ta ji ta a empi. Ta shimfiɗa mayafi a lungun ta yi tata sallar, ta dawo ta sake ji daga farko har ƙarshe ba ta taɓa komai ba.

Sheriff ne ya fara dawowa.

"Malam Sheriff, a cikin wayoyin nan wacce ta fi kowace muni?"

"Muni kamar yaya?"

"Wadda in waƙa ta yi daɗi a cikinta, to ko'ina za ta yi."

Ya bi katakon da ido, ya zaro wata ƙarama mai madannai, lambobinta sun goge, an ɗaure bayanta da robar ƙunshin kuɗi, an rataya mata igiyar fata.

"Ga sarauniyarsu. Ta kawunku ce. Da ya zo ya ja ni gefe ya ce in sa masa waƙar a ciki, kada mutanensa su gani." Sai ya tsaya, ya dafe baki. "Na kuwa sa masa tun ɗazu. Waccan ta safe."

"Ya karɓa ya ji?"

"Bai karɓa ba, caji take."

Zubaida ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta nemo waƙar, ta goge, ta tsaya a kan Sheriff har ya goge tasa, ya buɗe mata ko'ina ta gani da idonta. Sannan aka tura sabuwar. Ta danna, ta kara a kunne. Sifikar wayar ta tsage tun ba yau ba, kalangu ya koma kamar ana buga faranti, amma da wurin ya zo, sarewar ta ratso ta cikin tsagar nan ta fito, ba abin da ya taɓa ta.

Ta mayar da wayar a soket, ta ce, "To, a sa."

Dattawa sun dawo benci, jama'a sun ƙaru, domin Halliru ya ajiye mota ya bi kasuwa yana ba da labari. Har tsohuwa mai kaji ta zo, kwandonta ya zama wayam. Zubaida ta tsaya a gefen shago inda rumfa ta rufe ta, tana ganin fuskar Kawu daga gefe. Sheriff ya hura lasifika, ya yi sallama, ya faɗi sunan mawaƙi, ya faɗi na mai busa, ya faɗi nata, har da "Injiniya" a gaba. Ta ji kamar ta nutse.

Kalangu ya faɗo kan kasuwa. Masu awo suka ɗaga kai, wani mai babur ya kashe inji. Muryar Musaddiƙ ta bi layin hatsi ta wuce, shi kuma yana tsaye ya harɗe hannu yana motsa leɓe, ya kasa tsayar da ƙafarsa. Zubaida ba ta jin ko ɗaya. Ƙirga bugun take a zuci, tana matse bakin mayafi. Murya ta ja baya.

Aka ji mutum ya ja numfashi, a sarari, ta lasifika. Sai busar ta tashi.

Ta hau sama siririya ta tsaya, ta karkata ta gangaro yadda take gangarowa da yamma a bayan ruga. Can wajen turken awaki wasu Fulani matasa suka juyo gaba ɗaya. Wata mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta tsaya. Hayaniyar da ke kusa da shagon ta kwanta, har ana jin kukan injin markaɗe daga nesa.

"Sama'ilu," in ji Muhammadu Lawal, yana zungurar sa da gwiwar hannu, "wannan ba kai ba ne?"

"Ya yi kama," in ji Kawu.

Fuskarsa ba ta motsa ba. Amma Zubaida tana kallon hannunsa a kan sanda, yatsun suna ɗagawa suna sauka a kan itacen, kowanne a kan hudar da babu ita. Da amshi ya zo, murya da sarewa suka kama hira, wasu a cikin taron suka fara amsawa tun ba su gama koyon kalmomin ba. Waƙar na ƙarewa aka ce a sake. Kafin a gama ta biyu layi ya kafu a gaban Sheriff, kowa da waya ko memori a hannu, wani ɗan Babura yana cewa a fara sallamar sa motarsu za ta tashi.

Kawu ya bari sai da hankalin mutane ya koma kan Musaddiƙ, wanda ake ta ja ana ɗaukar hoto da shi. Sannan ya yi wa Zubaida alama da ido. Ta zo ta durƙusa.

"'Yar Shatu. Har numfashina kin bari."

"Na so in cire, Kawu. Sai na ji in babu shi kamar ba mutum ne ke busawa ba."

Ya jinjina kai a hankali. "Wancan kuma," ya nuna Musaddiƙ da haɓa, "da bakinsa kamar lasifikar nan, na ji ya matsa mini wuri."

"Shi ya ce a yi haka."

"To." Ya gyara malafa. Ya miƙa hannu Sheriff ya sa masa wayarsa, ya rataya a wuya ya tura ta cikin riga da sauri. Ya dogara sanda ya miƙe, mutanensa suka miƙe. Har ya yi taku kaɗan ya tsaya, bai juyo duka ba.

"Wannan busar ta dawowa gida ce. Akwai ta fita kiwo, ta fi ta tsawo. In kin sami hanya ki zo da abin ɗaukar naki."

Suka nufi hanyar ruga. Muhammadu Lawal yana tambayar sa ina kanwar, Kawu bai kula shi ba. Zubaida ta bi su da kallo har suka wuce masu rake. Daga can, cikin hayaniyar kasuwa, ta jiyo wani ƙaramin sauti mai tsaga, kamar ana buga faranti, yana fitowa daga cikin rigar wani. Ta karkatar da kai, ta riƙe numfashi tana jiran wurin.

Sarewar ta fito.